Sarkin Tasha da Karyayyen Noti

A garin Tudun Marke an yi wani Sarkin Tasha, sunansa Jatau. Mutum ne mai kirki, mai kyauta, ga iya sasanta 'yan acaɓa idan sun kaure da faɗa a kan fasinja. Aibinsa ɗaya ne, hannunsa nauyi gare shi. In ya gaisa da kai sai ka koma gefe ka duba ko yatsunka sun cika. In ya rufe murfin kwalba a gidansa, to, duk mai son abin da ke ciki sai ya jira ya dawo daga tasha.

Jatau yana da wani tsohon babur da yake kira Mai-Haƙuri. Da shi ya fara acaɓa tun yana saurayi, da abin da ya samu a kansa ya yi aure ya gina gida. Yanzu yana da halin sayen sabo, amma ko kallon sababbin ba ya yi. Irin baburan nan ne da aka daina kawo kayansu tun tuni, duk abin da ya lalace a jikinsa sai dai a lallaɓa. Kullum da safe Jatau zai fito da sufana ya bi notunan jikinsa ɗaya bayan ɗaya yana ƙara musu ɗauri, wai don kada wani abu ya faɗi a hanya. Shi a ganinsa gata yake yi wa babur, su kuwa notuna Allah kaɗai ya san abin da suke sha.

A bakin tasha akwai rumfar Mati Mai Walda, abokin Jatau tun suna yara. Wata rana Mati ya gan shi yana ta murɗa sufana har jijiyar wuyansa ta tashi, sai ya ce masa ya rage wa notunan nan, in ba haka ba wata rana sai ya tsinke wa ɗaya kai. Da a keɓe ya faɗa da ba a yi komai ba, amma a gaban 'yan acaɓa ya faɗa, suka kuwa bushe da dariya. Jatau ya ji kunya, kunya ta zama fushi, nan take ya rantse da Allah cewa daga shi har baburinsa ba za su sake shiga rumfar Mati ba. Shekaru suka shuɗe a haka. In zai wuce ta wurin sai ya kau da kai ya zuba wa darbejiyar da ke ɗaya gefen ido. Mati bai daina gaishe shi ba, shi kuma sai ya amsa da odar babur. A zuciyarsa yana kewar shayin da suke sha tare, amma ko matarsa bai taɓa gaya wa ba.

Ran nan da safe yana cikin ɗaure-ɗaurensa, ya zo kan notin da ke riƙe salansa, wato bututun hayaƙi, a jikin kan inji. Ya ji ya ɗauru, amma ya ce bari ya ƙara masa kaɗan. Sai ya ji ƙas. Ya duba, ga kan noti a bakin sufana, sauran kuwa yana can cikin inji, ɗan guntu ne kawai ya leƙo waje. Ya tayar da babur ya ji ko abin zai ɓoyu. Mai-Haƙuri ya yi wata ƙara kamar injin niƙa, kajin gida suka watse. Ya yi maza ya kashe, don ya san in garin nan ya ji wannan ƙara, maganar Mati ce za a tuna.

Ya tura baburin bayan gida, ya aika tasha cewa mura yake yi. Ya sa filaya ya kama guntun, filaya ta zame ta cije shi a yatsa. Ya sake, ta sake. Ransa ya ɓaci, ya shiga ɗaki ya fito da guduma da cizal. Ya san kan injin na alminiyam ne, ba ya son duka, ya kuma san in ya tsage Mai-Haƙuri ya mutu ke nan, don ba inda za a samo wani. Amma mai fushi ba ya lissafi da abin da ya sani.

Ya ɗaga guduma ke nan sai ya hangi wani tsohon ƙadangare mai jan kai a kan katanga, yana ta gyaɗa kai. Haushi ya ƙara kama shi, ya tambaye shi me yake wani gyaɗa wa mutane kai. Ashe ƙadangaru suna magana, tambayarsu ce ba a yi.

Ƙadangare ya ce, "Ranka ya daɗe, tunawa na yi. Yadda ka ɗaga gudumar nan, haka kakana ya ce Nomau ya ɗaga tasa."

Jatau ya waiga hagu da dama, bai ga kowa ba. Ya yi tunanin gudu, sai ya ga ai bai kamata Sarkin Tasha ya gudu don ƙadangare ba. Ya sauke guduma a kan cinyarsa ya ce, "Wane ne Nomau, kuma yaya aka yi?"

Ƙadangare ya gyara kwanciya ya ce, "Allah ya ja zamanin Sarki, ga yadda aka yi."

Labarin Nomau Guduma

Kakana ya yi zama a katangar wani gareji a Mararrabar Kanya. Mai garejin wani ƙato ne, ana ce masa Nomau Guduma. Shi a wurinsa ba ƙarfen da ke ƙin magana, sai dai wanda bai sha duka sosai ba. Wata rana wani mai tallan turare ya kawo masa babur, noti ya karye a cikin inji, irin naka sak. Nomau ya ce ya zauna, kafin ya gama shan ruwa an gama.

Ya sa cizal ya fara duka. Guntun da ya leƙo waje ya baje, ya cika ramin, ya ƙara zama daram. Da ya ga haka sai ya ɗauko injin huda ƙarfe. Bai tsaya ya yi alama a tsakiyar notin ba, ya dai danna da duk nauyinsa. Bakin injin ya shiga a karkace, ya karye a ciki. Shi kuwa ƙarfen huda ya fi noti tauri nesa ba kusa ba. Da abu ɗaya ne ya maƙale, yanzu sun zama biyu, ɗaya a cikin ɗaya.

A tsallaken titi akwai mai walda. Mai turare ya ce cikin ladabi ko za a tura can. Nomau ya ce shi bai taɓa kai aikinsa wurin telan ƙarfe ba, kuma ba a kan wannan ɗan abin zai fara ba, don kada a ce ya gaza. Ya tuɓe riga ya ɗauko babbar gudumarsa.

Akwai wata tsohuwa mai fura da ke zama a inuwar garejin, Gwaggo Ladingo. Ita ce ta ce, "Ɗan nan, ajiye ka sha fura tukuna. Irin wannan taurin kai na taɓa gani wurin Cindo, bai kuwa ƙare da daɗi ba."

Nomau ya karɓi ƙwarya ya ce, "Gwaggo, me ya sami Cindo?"

Ta ce, "To, saurara."

Labarin Cindo da Wanzami

A ƙauyenmu an yi wani manomi, Cindo. Ana jajibirin Sallah ya je aski wurin Anaruwa wanzami. Mutane sun yi yawa, Anaruwa yana sauri, ya manta masa da wani ɗan tsiron gashi a ƙeya. Da aka sauko daga idi ya cire hula yana fifita, aka gani, aka yi ta yi masa tsiya. Cindo ya ce shi da Anaruwa har abada. Daga ranar da kansa yake aski, kansa kullum kamar gonar da aka fara noma aka gudu.

Ana nan, wata rana yana gwagwiyar ƙashi, haƙorinsa na can ciki ya karye, rabi ya fita, tushen ya zauna. Ciwo ya ce ga ni nan. Duk ƙauyen kuwa Anaruwa ne kaɗai ke cire haƙori. Matar Cindo ta ce ya je, ya ce ya fi son ya mutu. Ya tauna kanumfari, ya cusa taba, ba abin da ya ragu.

Sai ya yi dabara. Ya samo zare mai ƙarfi ya sa a baki ya ɗaure, ɗaya bakin kuma ya ɗaura a ƙafar jakinsa. Abin da bai sani ba shi ne tushen ya yi gajarta, zaren ya zame ya kama lafiyayyen haƙorin da ke kusa. Ya ce wa jaki ya tafi, jaki ya ƙi. Ya buge shi, ya ƙi. Ya sunkuya ya ga abin da ya hana, sai kare ya yi haushi, jaki ya zabura. Haƙori ya fita fes, da tushensa da komai, fari tas, ba abin da ya taɓa yi wa kowa.

Wani da ya haƙura, amma ba Cindo ba. Ya ce laifin jaki ne. Washegari ya ɗaura zaren a jikin taɓarya, ya hau rumbu ya sake ta ƙasa. Wannan karon na ɗaya gefen ne ya tafi. Ruɓaɓɓen tushen kuwa yana nan a tsakiya, ya ma samu fili ya sake.

Kumatu ya kumbura har ido ya rufe, bakin ya daina buɗuwa. Da matarsa ta ga ya kasa magana, ta san ya kasa musu ke nan, sai ta sa aka aza shi a kan jakin nan aka kai shi. Anaruwa bai yi masa gori ba. Ya ba shi ruwan ɗumi da gishiri ya riƙe a baki, ya bari kumburin ya sassauta. Sannan ya sa ɗan awartakinsa yana girgiza tushen a hankali, gaba da baya, yana yi masa hirar damina. Cindo yana jiran a fara, sai ya ga an miƙo masa abu a tafin hannu.

Anaruwa ya ce, "Cindo, da ka zo tun farko, guda ɗaya za ka bari a nan. Zauna in gyara maka kan nan ma, tun da ka zo."

Gwaggo Ladingo ta karɓi ƙwaryarta ta ce wa Nomau, "Ka ga dai zuwa wurin wanzami bai fasu ba. Abin da taurin kai ya ƙara masa giɓi ne kawai, har ya tsufa in ya ce salamu alaikum sai ka ji fito."

Ƙadangare ya ci gaba ya ce: Ranka ya daɗe, Nomau ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce labarin ya yi daɗi, furar ma ta yi daɗi, amma haƙori daban, ƙarfe daban. Ya tofa yawu a hannu ya ɗaga guduma ya sauke. Kakana ya ce ƙarar ba ta ma da yawa. Inji ya tsage tun daga sama har ƙasa. Mai turare ya durƙusa ya dafe kai, don da baburin nan yake ciyar da gidansa. A baro aka kai masa shi gida, aka bar tsagaggen injin a gareji. Daga baya masu sayen tsofaffin ƙarafa suka ɗauki injin, kakana ya leƙa da za a jefa shi a mota, ya ga notin yana nan inda yake, ko gezau.

Ƙadangare ya lashe wata tururuwa da ta zo wucewa, sannan ya ce, "Cindo ya je a makare, Nomau bai je ba sam. Sarki ne na uku, guduma kuma tana kan cinyarsa."

Jatau ya dubi gudumar, ya dubi Mai-Haƙuri. Ya tuna ranar da ya fara hawansa, da Mati a baya yana riƙe da kwankwasonsa suna ta ihu a kan hanyar Tudun Marke. Ya ji tsoro na gaske, don ya ga saura ƙiris ya kashe abin da ya fi so da hannunsa. Amma ya ce akwai rantsuwa a tsakani, shi kuwa ba ya wasa da sunan Allah.

Ƙadangare ya ce shi ba malami ba ne, amma ya yi damina guda a katangar masallaci, ya kuma ji liman yana cewa wanda ya rantse, sannan ya ga abin da ya fi alheri, sai ya yi abin da ya fi alherin ya yi kaffara, ya ciyar da mabukata goma. Ya ce in Sarki yana shakka ya tambayi liman, ba nisa. Jatau ya ce ya san da wannan, ba tun yau ba. Can ya fito da abin da ke cinsa, ya ce yaran tasha za su yi masa dariya.

Ƙadangare ya ce, "Za su yi, ranka ya daɗe, yini guda. In kuwa injin ya tsage, kullum sai ka tsaya bakin hanya ka tsayar da ɗaya daga cikinsu ya ɗauke ka a baya."

Wannan ta shige shi. Ya hango kansa a bayan wani yaro, babbar riga tana kaɗawa, ana tambayarsa ina zai sauka. Ya tambayi ƙadangare shi me ya dame shi da lamarin har ya yi wannan dogon bayani. Ƙadangare ya ce gaskiya ba don Allah kaɗai ba ne. Ya tsufa, sanyi yana damun ƙafafunsa, kuma duk gidan nan ba wurin da ya kai kan injin Mai-Haƙuri ɗumi in an dawo da shi da yamma.

Jatau ya mayar da guduma ɗaki. Ya ɗiga wa guntun notin kananzir don tsatsa ta saki, ya sa hularsa, ya buɗe ƙofa. Da rana tsaka ya turo Mai-Haƙuri ta cikin kasuwa, gumi yana zuba, salansa tana lilo. Hanyar da kullum yake wucewa kamar ƙiftawar ido, ran nan ta yi masa tsawo. 'Yan acaɓa suka taso suna yi masa sannu da jiki, wani mai baki ya tambaya yaya murar. Ya ce murar ta babur ce. Suka bi shi a baya suna ƙunshe dariya, don kowa ya ga inda ya dosa.

Mati yana tsugune yana haɗa ƙafar wata kujera. Ya ɗaga baƙin gilashinsa ya ga wanda ke tsaye. Jatau ya yi sallama da baki, ba da oda ba. Ya shirya jin gori, ya ma tanadi amsa tun daga gida. Mati ya amsa sallama, ya tura masa benci, ya sunkuya ya dubi wurin. Ya tambaya ko an buga masa wani abu. Jatau ya ce saura kaɗan. Mati ya ce Allah ya kiyaye.

Sai ya miƙe ya je jikin ginshiƙin rumfa, inda wata macen noti, irin zoben nan mai huda a tsakiya, take rataye da waya a kan ƙusa, ƙura ta rufe ta. Ya kwance ta ya hure, ya aza ta a kan guntun. Ta zauna cif kamar don shi aka yi ta. Jatau ya tambaya yaya aka yi ya samu daidai haka nan da nan.

Mati ya ce, "Tun ranar da ka yi fushi na rataye ta. Na san girman notin, na kuma san hannunka. Ban dai zaci za ka daɗe haka ba."

Duk amsar da Jatau ya tanada ta gudu. Ya sunkuyar da kai yana gyara zaman hularsa. 'Yan acaɓa ma da suka zo kallo suka rasa abin dariya.

Mati ya sauke gilashi ya ɗiga walda a cikin hudar, macen ta manne da guntun, karyayyen noti ya samu sabon kai. Bai taɓa shi ba sai da ya huce, a tsakani ya aika aka kawo shayi kofi biyu. Da suka sha, ya sa sufana ya motsa kaɗan zuwa hagu, ya mayar, ya ɗiga mai, ya sake motsawa. Noti ya yi ɗan kuka, ya saki, ya fito lafiya, ramin bai ji ciwo ba. Mati ya samo wani sabo ya sa da yatsunsa har ya zauna, sannan ya miƙa wa Jatau sufana ya ce mai abu shi ke ƙarasawa.

Jatau ya murɗa har ya ji ya ɗauru. Hannunsa yana ƙaiƙayi, yana roƙonsa ɗan ƙari kaɗan. Kowa ya zuba masa ido. Ya daɗe a haka, sannan ya zare sufanar ya miƙa wa Mati, ya ce ya riƙe ta a rumfa, in noti yana bukatar ɗauri zai riƙa kawo babur nan. Ya taka Mai-Haƙuri sau ɗaya, ya tashi da muryarsa ta da.

Ranar Juma'a aka dafa shinkafa da wake a gidan Sarkin Tasha, mabukata goma suka ci suka ƙoshi, Mati ma ya zo ya ci nasa ba a cikin lissafi ba. Da yamma Jatau ya jingine babur a bayan gida, injin da ɗuminsa, ya zuba 'yar shinkafa a gindin katanga. Ƙadangare ya sauko a hankali ya haye wurinsa.

Jatau ya ce, "Na ji maganarka, na kuma karɓa. Da na bi hannuna, da yanzu ba ni da babur, ba ni da aboki."

Ƙadangare ya lumshe ido yana gyaɗa kai. Jatau ya miƙa hannu zai shafa bayansa don godiya. Ƙadangare ya buɗe ido ɗaya ya ga hannun yana zuwa, ya yi wuf ya haye katanga.

Daga can sama ya ce, "Na gode, ranka ya daɗe. Daga nesa ma ta isa."

Nan labarin ya tsaya, mu ma kada mu ƙara masa ɗauri.